Wace Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa Ce Ta Cancanci Rabin Yininka?

Shiga kyauta ne a kusan duk manyan tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa na duniya, shi ya sa mutane ba sa ɗaukar zaɓen wadda za su ziyarta a matsayin ciniki. Alhali kuwa ciniki ne. Wanda ya sha wahalar biza, ya biya kuɗin jirgi da masauki, aka ba shi kwana uku ko huɗu a Landan ko Niyok ko Mumbai, kowace awa tasa da tsadarta. In ya ba tasha rabin yini, to wani gidan tarihi ko kasuwa ko ziyara ya hana. Ga kuma masu tallar yawon buɗe ido da za su tare shi da tayi kala-kala: ɗan jagora, na'urar saurare, abinci a tsohon zauren masu hannu da shuni, har da kwana a otal ɗin tasha. Wasu daga ciki kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, wasu kuwa asara ce tsagwaronta.

Tambayar da ya kamata ka fara yi kafin ka duba kyan hoto ita ce: tashar tana aiki, ko ta yi ritaya? An gina waɗannan zauruka ne domin taron jama'a. Tsayin rufin, faɗin ƙofofin, inda aka rataye agogo, duk an auna su ne da dubban mutane masu sauri. In ka cire mutanen, abin da ya rage gini ne mai kyau wanda za ka gama kallonsa cikin minti ashirin. Ni dai a wurina tasha mai rai ta fi, ko da ba ta kai wadda aka mayar gidan tarihi tsabta ba.

Grand Central, Niyok

In mutum zai ga guda ɗaya tak a rayuwarsa kuma hanya ta kai shi Amurka, wannan ce. An buɗe ta ranar 2 ga Fabrairun 1913, tana da dandamali 44 da layuka 67 a hawa biyu, duk a ƙarƙashin ƙasa. Dalilin binne layukan shi ne haɗarin watan Janairun 1902, lokacin da hayaƙi ya rufe wa wani direba ido a ramin Park Avenue ya afka wa wani jirgin daga baya, mutum 15 suka mutu nan take. Hukuma ta hana jirage masu tururi shiga tsakiyar birni, aka koma lantarki, kuma da yake lantarki ba ya hayaƙi sai aka rufe saman layukan aka sayar da filin ga masu gina benaye. Saboda haka ba za ka ga jirgi ko ɗaya daga babban zauren ba. Wanda ya zo da yara don su ga kan jirgi zai sha tambaya.

Abin da za ka gani shi ne zauren kansa, mai tsayin kusan mita 38, da silin mai launin tsanwa-tsanwa wanda aka zana taurari kimanin 2,500 a jikinsa da ruwan zinare. An zana su a juye, gabas ta koma yamma, kuma tun makonnin farko aka gano hakan amma aka bar shi. Ka nemi zanen ƙaguwa a kusurwar silin, kusa da shi akwai wani ɗan baƙin tabo mai kusurwa huɗu. Masu gyaran da aka kammala a 1998 ne suka bar shi da gangan, don a ga yadda dauɗar shekaru ta mayar da silin gaba ɗaya kafin a wanke. A tsakiyar zauren ga rumfar tambaya da agogon tagulla mai fuska huɗu a kanta, nan ne mahaɗar mutanen birnin. Ƙwayayen fitilun wurin kuwa duk tsirara suke ba murfi, saboda a 1913 lantarki abin nunawa ne, iyalan Vanderbilt masu kamfanin kuma ba su ga dalilin ɓoye shi ba.

Sai ka gangara ƙasa ta gangaren da aka yi a madadin matakala, domin masu kaya. A ƙofar gidan abincin Oyster Bar akwai wata mararraba mai bakan rufi na tayil. Mutum biyu su tsaya a kusurwoyin da ke kallon juna, kowa ya juya fuskarsa bango, ɗaya ya yi raɗa, ɗayan zai ji kamar a kunnensa ake faɗa, duk da hayaniyar masu wucewa a tsakani. Kullum za ka tarar da manya da furfura sun kifa goshi a bango suna murmushi.

Saura ƙiris da ba a ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. An fara rushe babbar takwararta, tsohuwar tashar Penn, a 1963, sannan masu Grand Central suka nemi kafa bene mai hawa sama da 50 a kanta. Jacqueline Kennedy Onassis, matar marigayi shugaban Amurka John Kennedy, na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata, har Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1978 cewa birni na da ikon kare ginin.

Aibinta biyu ne, kuma ba ƙanana ba ne ga baƙo. Babu kujerun zama a babban zauren, sai ka sauka wurin masu abinci. Babu kuma ma'ajiyar kaya, don haka kada ka zo da akwatuna kana cewa za ka kashe lokaci kafin jirgin samanka. Jiragen Amtrak masu dogon zango ma ba sa tashi daga nan tun 1991; wanda zai je Washinton, tashar Penn ta yanzu zai nufa.

St Pancras, Landan

Wannan ita ce ta mai son ganin jirgi da idonsa. An buɗe ta a 1868, rumfar ƙarfe da gilashin da injiniya William Barlow ya yi mata kuma faɗinta ya haura mita 70 ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, babu kamarta a duniya a lokacin. Jiragen suna tsayawa ne a sama, domin layin ya bi ta kan mashigin ruwan Regent kafin ya iso, sai ya shigo da tudu. Ƙarƙashin da ya rage aka cika shi da ɗaruruwan ginshiƙan ƙarfe, aka auna tazararsu daidai da gangunan giyar da ake kawowa daga garin Burton. Yau a nan shaguna suke, da wasu fiyano da aka ajiye don duk mai wucewa ya taɓa, wani gwani, wani kuma Allah dai ya ba masu sauraro haƙuri.

Fuskar ginin ta jan bulo da hasumiyoyi, wadda ake ɗauka a hoto, asalinta otal ne da George Gilbert Scott ya zana, aka buɗe a 1873. An rufe shi a 1935, ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarancin banɗaki ga ɗakuna masu yawa. A shekarun 1960 aka so rushe komai, mawallafin waƙoƙi John Betjeman da abokansa suka hana, aka saka ginin cikin jerin kayan tarihi masu daraja ta ɗaya a 1967. Mutum-mutuminsa na nan a saman bene, ya dafe hula yana kallon rufi. Bayan gyaran da ya ci kimanin fam miliyan 800, jirgin Eurostar mai zuwa Faransa da Beljiyam ya fara tashi daga nan a 2007, otal ɗin kuma ya sake buɗewa a 2011.

Ga wanda lokacinsa ya ƙure, St Pancras ta fi Grand Central riba, domin maƙwabtanta. Tsallaka titi kawai ga tashar King's Cross ta 1852, a ɗaya gefen kuma ga Babban Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda zauren kayan tarihinsa kyauta ne. Akwai wurin ajiye kaya na kuɗi. Sai dai a kula da abu ɗaya: a nan Landan ake duba fasfo kafin a hau Eurostar, kuma bizar Birtaniya ba ta shigar da mutum Faransa ko Beljiyam. Faris ba ta kai awa biyu da rabi ba daga nan, wannan kusancin ne ke rudar mutane su sayi tikiti kafin su tuna da bizar Shengen, wadda ake shiga waɗannan ƙasashen da ita. A ciki kuma, hawan ƙasa ya yi kama da kowace cibiyar shaguna. In ba ka hau sama ba, ba ka ga St Pancras ba.

Tashar Chhatrapati Shivaji Maharaj, Mumbai

Daga waje babu wadda ta kama ƙafarta. Frederick William Stevens ne ya zana ta, aka fara gini a 1878, aka buɗe ta a 1887 da sunan Victoria Terminus, shekarar da sarauniyar Ingila ta cika 50 a gadon sarauta. An sauya mata suna a 1996, UNESCO ta saka ta cikin kayan tarihin duniya a 2004. Tsarin na cocin Turai ne amma hannun masassaƙan Indiya ne ya yi aikin, shi ya sa za ka ga ɗawisu da birai da furanni sun leƙo daga jikin dutse, a bakin ƙofa kuma zaki a gefe ɗaya yana wakiltar Birtaniya, damisa a ɗayan tana wakiltar Indiya. Daga wannan unguwa ta Bori Bunder ne jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi zuwa Thane ranar 16 ga Afrilun 1853, tafiyar kilomita 34.

Cikinta kuwa ba wurin tsayawa kallo ba ne. Hedikwatar layin dogo na tsakiyar ƙasar ce, kuma nan jiragen unguwanni ke juye ma'aikata. Da safe da yamma in jirgi ya shigo, mutane suna fara dirowa tun bai gama tsayawa ba, wanda ya tsaya yana ɗaga waya sama kuwa sai dai ya ga an yi gaba da shi. Ranar Lahadi ko tsakar rana ake zuwa. A Indiya ba a hawa dandamali haka kawai, sai da tikitin tafiya ko tikitin dandamali na 'yan rupi kaɗan, kuma ana tarar wanda aka kama ba shi da shi. Tsaro ya ƙaru tun harin Nuwamban 2008 da aka kashe mutane da yawa a cikin tashar, saboda haka a tambayi jami'i kafin a ɗauki hoto a ciki. Mafi kyan kallo daga tsallaken titi yake, wajen ginin hukumar birni, bayan magariba idan an kunna fitilu. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce mai ƙarfi, wani lokaci har layukan su cika da ruwa.

Biyu ƙanana da ba sa cin lokaci

Tashar Antwerp ta Beljiyam, wadda aka kammala a 1905, ita ce ta fi haɗa tsoho da sabo. Zauren marmara ne mai ƙubba, rumfar jiragen tsawonta mita 185 tsayinta 44, sannan a 2007 aka gama haƙa ƙarƙashinta don jirage su riƙa wucewa maimakon su juya. Ka tsaya a saman bene ka leƙa, za ka ga jirage a hawa uku, wani a kan wani. Gidan namun daji na jikinta, unguwar masu lu'ulu'u na gefenta, daga Brasels kuma ba ta kai awa ɗaya ba. Mai kallon marmarar ya tuna cewa an yi ta ne a zamanin Sarki Leopold na Biyu, wanda ya riƙe ƙasar Kwango a matsayin mallakinsa daga 1885 zuwa 1908.

São Bento ta birnin Porto a Fotugal kuwa ɗaki ɗaya ce. An buɗe ta a 1916, bangon zaurenta lulluɓe da tayil kimanin 20,000 masu shuɗi da fari, aikin Jorge Colaço, suna ba da labarin yaƙe-yaƙe da rayuwar karkara, har da cin birnin Ceuta na gaɓar Maroko a 1415. Rabin awa ta isa. Ba a tashi takanas ta Kano domin ita ba, amma wanda ke Porto ya wuce ta ya yi sakaci. Jirgin Lisbon a tashar Campanhã yake ajiye mutane, daga can sai a canza zuwa ƙaramin jirgi na 'yan mintoci.

Waɗanda suka yi ritaya

A nan ake yawan cizon yatsa, domin suna ya fi abin da ido ke samu. Sirkeci ta Santambul, wadda aka buɗe a 1890, ita ce ƙarshen zangon jirgin Orient Express daga Faris har zuwa 1977. Tagoginta masu gilashi kala-kala suna nan, akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi, amma yawancin fasinjoji yanzu ta ƙarƙashinta suke bi a jirgin Marmaray da aka fara a 2013. Tana kusa da fadar Topkapi, don haka a leƙa ta a kan hanya. Haydarpaşa ta 1908 da ke tsallaken ruwa, wadda Jamusawa suka gina a kan turaku 1,100 na katako, gobara ta ci rufinta a 2010, aka kuma dakatar da jiragenta bayan haka. Daga kan jirgin ruwan Kadıköy ta fi kyan gani, kuma kuɗin jirgin ruwan ba wani abu ba ne.

Ta Madina daban ce, saboda abin da take tunatarwa. Ita ce ƙarshen layin dogon Hijaz da Sarkin Daular Turkawa Abdulhamid na Biyu ya fara a 1900 da gudummawar Musulmin duniya, ya iso Madina daga Dimashƙa a 1908, tazarar kusan kilomita 1,300. Tafiyar da ayarin raƙuma ke yi cikin kimanin kwana 40 ta koma ta 'yan kwanaki. Layin bai taɓa kaiwa Makka ba, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya lalata shi. Ginin yana unguwar Anbariyya kusa da masallacin da Turkawa suka gina, an adana tsofaffin kawunan jirgi da taragai a harabarsa. Maniyyaci ya tambayi lokutan buɗewa kafin ya tashi, kada kuma ya rikita ta da sabuwar tashar jirgin Haramain mai gudu da aka buɗe a 2018, wadda ke wani gefen gari.

Gidan tarihin Orsay na Faris ma tasha ce ta 1900 da aka mayar wurin zane-zane a 1986. Ana biyan kuɗin shiga, a rufe yake ranar Litinin, kuma wanda ya je, domin zane ya je, ginin tashar ƙari ne kawai.

Me ya cancanci a biya?

Yawo da ƙafarka bayan ka ɗan yi karatu a waya ya wadatar a São Bento da Sirkeci da Antwerp. Ɗan jagora a can ɓarnar kuɗi ne, domin duk abin da zai nuna maka yana gabanka.

Jagora yana da amfani a inda abubuwan ke ɓoye ko a kulle. A Grand Central, mai awa ɗaya da rabi da ba ya son bincike zai amfana, don shi kaɗai zai iya wuce baƙin tabon nan sau goma bai lura ba. A Mumbai kuwa ɓangaren ofisoshi, inda babbar matakala da ƙarƙashin ƙubba suke, ba a shigarsa sai ta hanyar ziyarar da hukumar jirgin ke shiryawa. Tambayar da za ka yi wa duk mai tayi kafin ka ciro kuɗi ita ce: wace ƙofa za ka buɗe mini wadda ba zan iya shiga ni kaɗai ba? In ya fara kame-kame, ka yi gaba. Ka tambayi yawan mutanen rukunin ma, domin a zaure mai amsa-kuwwa wanda ke bayan mutum ashirin ba abin da zai ji. Na'urar saurare ko manhajar waya ta fi arha kuma ba mai hanzarta ka, sai dai kunne a toshe cikin cunkoso gayyata ce ga 'yan sane.

Abinci a zaurukan alfarma, irin Le Train Bleu na tashar Gare de Lyon a Faris wanda aka buɗe a 1901, kuɗin silin kake biya, ba na miya ba. In ana karɓar mai shan shayi kawai, to ka sha shayin ka more zanen. Kwana a otal ɗin tasha, kamar na St Pancras ko na tashar Tokyo da aka mayar da ginin jan bulonta na 1914 yadda yake a 2012, sai mai jirgin asuba ko mai aljihu da nauyi. Mai kama ɗaki a St Pancras ya tabbatar a wane ɓangare aka ba shi, domin ɗakuna da yawa suna sabon reshen da aka ƙara daga baya, ba cikin tsohon ginin da ya gani a hoto ba.

Abin da na fi ba da shawara a kashe wa kuɗi shi ne tikitin gajeriyar tafiya. An yi tasha ne don a fita ta cikinta a kuma dawo, kuma mai saukowa daga tarago ya shigo zauren tare da jama'a yana ganin abin da mai shigowa daga titi ba ya gani. Daga Grand Central ka hau layin Hudson, ka zauna ta hagu in za ka arewa, kogin zai raka ka har Cold Spring ko Beacon, awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Daga Porto ka bi layin Douro zuwa Pinhão, wadda ita ma ƙaramar tasharta da tayil aka ƙawata ta. A Mumbai ka sayi tikitin aji na ɗaya ranar Lahadi ka yi 'yan tashoshi ka dawo. Akwai taragai na mata zalla, namiji ya duba alama kafin ya sa ƙafa.

Lokacin zuwa kuma ya danganta da abin da kake nema. Mai son hoto ya yi sammako ranar hutun ƙarshen mako. Mai son ganin tasha tana aikinta ya zo wajen ƙarfe biyar na yamma ranar aiki, ya samu baranda ko saman matakala ya tsaya, jaka a gaba, kada ya tare hanya. Ɗaukar hoto da hannu ba laifi a yawancin tashoshin Turai da Amurka, amma kafa sandar kamara mai ƙafa uku na bukatar izini a Grand Central.

Mai tafiya da yara ya zaɓi St Pancras ko Antwerp, inda jirgi ke fili kuma akwai wurin zama. Mai tafiya da tsoho ko mai keken guragu zai ji daɗin gangaren Grand Central, amma ya nisanci Mumbai a lokacin tashi daga aiki. Wanda ya tsaya canjin jirgin sama na 'yan awanni a Niyok ko Landan ya lissafa awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, ban da layin shige-da-fice, ya kuma tabbatar bizarsa ta ba shi damar fita daga filin jirgi. In abin da ya rage masa bai kai awa biyu ba, gara ya bar ta sai wata tafiyar.